Kaset ɗin Deep Purple a kwalin Babanmu, "sun dawo" daga ina?

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah tambaya gare ni ga manyanmu da suka yi zamanin kaset. Satin da ya wuce ruwan nan da aka tafka ya samu ɗakin marigayi Babanmu, silin ya jiƙe har ya fara zubowa, sai Hajiya tace mu kwashe kayan ciki kaf kafin mai gyara ya zo. A ƙarƙashin gado muka jawo wani kwali an ɗaure shi da igiya, cike da kaset, wlh sun fi ɗari. Shata ne ya fi yawa, sai Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya, karatun malamai, waƙoƙin Indiya, da su Bob Marley da Don Williams waɗanda dama na san yana so don ina yaro nakan ji su a mota. Duk wannan bai bani mamaki ba. Abin da ya tsaya min a rai kaset ne guda ɗaya, irin TDK ɗin nan da ake ɗauka a kai, da rubutun hannunsa ya sa Deep Purple, Perfect Strangers, 1985, sai a ƙasa da jan biro ya ƙara "sun dawo" har da ja masa layi biyu.

Ni dai Baba na san shi mutum ne mai sanyi, daga masana'anta a Bompai sai gida sai masallaci, ko rediyo ba ya ƙure wa murya. Na nemo waƙar a YouTube na sa abin kunne, jama'a kamar an tada janareto a cikin ɗaki, na cire da sauri. Amma da dare na daure na sake ji har sau uku sai naji abin ya fara shigata, akwai wani kiɗa a farko kamar fiyano amma yana gurnani irin na zaki, kafin ganguna su faɗo.

To su waye waɗannan mutanen, kuma daga ina suka dawo da har Baba yake murna da jan biro? Na duba intanet amma sunaye sun cakuɗe min, wannan ya fita wancan ya shigo wancan ya sake dawowa kamar 'yan siyasa lokacin sauya sheƙa. Sannan wannan kundin shine mai kyan nasu ko akwai inda ya kamata in fara? Na gode.

Baba_Sabongari ya rubuta:

Wa alaikumussalam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka ya kai haske kabarinsa. Ban san shi ba amma wannan jan biron ya gaya min tare muka yi zamani, don nima ranar da naji labarin sai da na miƙe tsaye.

Turawan Ingila ne, a 1968 suka haɗu. Su biyar ne kullum, mai waƙa ɗaya, mai jita, mai jitar bes, mai ganguna, da mai wancan abin da kace yana gurnani, ogan ce ƙirar Hammond, Jon Lord ke kaɗa ta. Mai jitar shine Ritchie Blackmore, ka riƙe sunan nan don duk rigimar gidan daga gefensa take tasowa. Sunan ƙungiyar ma daga wata tsohuwar waƙa da kakarsa take so aka ɗauko shi. Da farko wani Rod Evans ne mawaƙinsu, sun yi waƙar Hush ta kai ta 4 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka amma a gida Ingila ba wanda ya kula su sosai. A 1969 suka sallami mawaƙin da mai bes, suka ɗauko Ian Gillan da Roger Glover. To wannan biyar ɗin, Gillan, Blackmore, Lord, Glover da Ian Paice mai ganguna, su ne mahaifinka yake nufi da sun dawo.

Cikin shekara huɗu kacal suka yi aikin da har yau shi ake ci. In Rock a 1970, Fireball a 1971, Machine Head a 1972, sai Made in Japan wanda a wajen wasa aka ɗauke shi kai tsaye cikin dare uku na watan Agustan 1972, biyu a Osaka ɗaya a Tokyo. Ni Machine Head na fara ji ina sakandare, yayan wani abokina da yake karatu a Ingila ya zo hutu da faifan, muka taru a zaurensu mu shida kamar masu jiran rabon gado, babansu ya fito ya kore mu yace maƙera ma suna hutawa da azahar.

Bari in baka labarin faifan nan don yana da daɗi. A Disambar 1971 sun tafi garin Montreux a Suwizalan da motar ɗaukar sauti ta Rolling Stones, niyyarsu su yi aikin a zauren wani gidan caca da ke bakin tafkin Geneva. Ana gobe za su fara, ranar 4 ga wata, wani makaɗin Amurka Frank Zappa yana wasa a wajen sai wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi irin wadda ake neman agaji da ita a teku, ta kama rufin, gini ya ƙone ƙurmus. Su kuma suna zaune suna kallon hayaƙi ya kwanta a kan ruwa. Daga nan Smoke on the Water ta fito, kuma in ka bi baitocin labarin gobarar ne tiryan tiryan ba wani ɓoyayyen abu. Suka koma wani zaure, maƙwabta suka kira 'yan sanda saboda ƙara, ƙarshe a barandar cikin wani otal da aka rufe don sanyi suka ɗauki kundin, suna jingina katifu a bango don tare sauti.

Amma ɗaukaka ba ta hana zaman doya da manja. Gillan da Blackmore ba sa ga maciji, ga gajiya, yau Amurka gobe Jafan jibi situdiyo ba hutu. Gillan ya rubuta takardar ajiye aiki, wasansa na ƙarshe a Osaka cikin Yunin 1973, Glover ma ya bi shi waje. Aka kawo David Coverdale da Glenn Hughes suka yi Burn a 1974, kuma kar wani ya gaya maka ba kyau, yana da kyau ƙwarai. Sai shi Blackmore ɗin ma ya ji kiɗan yana karkata inda ba ya so, ya fice a 1975 ya kafa tasa ƙungiyar Rainbow. Suka ɗauko wani yaro ɗan Amurka Tommy Bolin, gwani ne amma ƙwaya ta riga ta ci shi, a 1976 ƙungiya ta watse, kafin shekarar ta ƙare yaron ya mutu yana da 25.

Shekara takwas ba Deep Purple a duniya. Mu nan mun cire rai, disko ya zo ya cinye gari, rege ya zo, mun zama 'yan tsiraru ana mana kallon masu taɓin hankali. Sai a Afrilun 1984, watan da sojoji suka canza launin kuɗi ana ta layi a bankuna, labari ya fito wai biyar ɗin nan na asali sun shirya. Shekara 11 rabon da su tsaya a dandali ɗaya. Suka ɓuya a wani ƙaramin gari Stowe a jihar Vermont ta Amurka suka ɗauki Perfect Strangers, ya fito ƙarshen shekarar. Lokacin kaya daga waje sai wane da wane, madara da sabulu ma layi ake yi balle faifan Turawa, shi yasa sai 1985 ya iso hannun irinmu, mutum ɗaya ya samu na asali a kai wa masu ɗauka a Sabon Gari kowa ya kawo kaset ɗinsa. Ina kyautata zaton haka mahaifinka ya samu nasa, wa ya sani ma ko shago ɗaya muka tsaya.

Sarkin_Musu ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, labari ya yi daɗi amma a yi min afuwa zan ɗan taka birki. Wannan shiryawar da ake ta yabo ni ban ga zumunci a ciki ba, kuɗi ne kawai ya kira su suka amsa. A duba inda kowa yake kafin 1984 mana. Gillan ya rushe ƙungiyarsa a 1982, ya je ya lafe a ƙungiyar Black Sabbath suka yi Born Again a 1983, shekara ɗaya ya gudu don bai dace da wajen ba. Blackmore yana ta sauya mawaƙa a Rainbow kamar riga yana neman waƙar da gidajen rediyon Amurka za su sa. Lord yana ƙungiyar Whitesnake a ƙarƙashin Coverdale, yaron da su suka ɗauko shi daga shagon sayar da kaya, yanzu shine maigida, wa zai so haka? Paice yana yi wa Gary Moore kiɗa. Kowannensu ya auna ya ga sunansa shi kaɗai bai kai nauyin sunan Deep Purple ba, kamfani ya ajiye kwantiragi mai tsoka, shikenan aka rungumi juna a gaban kyamara.

Kuma in kana son sanin darajar sunan nan a kasuwa ka dubi abin da ya faru a 1980. Wancan Rod Evans da Baba ya ambata, wanda aka sallama tun 1969, wasu 'yan kasuwa suka zuga shi ya tattaro makaɗan da ba wanda ya sani ya fita yawon wasa da sunan Deep Purple, a Meziko da Amurka, mutane suka sayi tikiti suka zo suka ga baƙin fuskoki aka yi ta jifa. Aka maka shi a kotu, aka ci shi tarar dala dubu 672, kason da yake samu daga tsofaffin waƙoƙinsa ma ya tafi, tun daga nan mutumin ya ɓace ɓat, ko da aka karrama su a 2016 a zauren gwarazan kiɗan rock na Amurka (Rock and Roll Hall of Fame) da sunansa a ciki bai zo ba. Kaga suna kawai, ba kiɗa ba, mutane suka biya wa kuɗi. To na asalin ma darasin da suka ɗauka kenan.

Hujjata ta ƙarshe, in da gaske sun shirya me yasa a 1989 suka sake korar Gillan? Shekara biyar kacal. Ɗan Fagge shawarata ka kyale wannan kaset ɗin a matsayin abin tunawa da Baba, in kiɗa kake so ka nemi Made in Japan ka huta.

Mai_Situdiyo_ZooRoad ya rubuta:

Sarkin Musu sunanka ya bi ka wlh. Ni ban ce ba kuɗi ba, wane makaɗi ne yake kiɗa don Allah, Shata ma ai ba kyauta yake yi ba kuma ba wanda yace don an ba shi mota waƙar ta lalace. Tambayar ita ce da suka karɓi kuɗin me suka ajiye a faifai. Ni aikina kenan kullum ina gaban na'ura ina haɗa sauti, kuma in gaya maka gaskiya kunne ba ya cin hanci.

Ɗan uwa Ɗan Fagge, gurnanin nan da kaji ba haɗari bane. Ogan ɗin Hammond asalinta kayan coci ce da gidajen jaz, sautinta mai laushi, shi Jon Lord sai ya riƙa cusa ta cikin amfilifayar Marshall irin ta masu jita, ya ƙure ta har sautin ya fashe, saboda yana so ya yi kafaɗa da kafaɗa da jitar Blackmore kar a danne shi. To sirrin gidan kenan gaba ɗaya, ogan da jita suna kokawa, wani lokaci su haɗu su zama murya ɗaya mai kauri har ka kasa raba su, wani lokaci ɗaya ya jefa ɗaya ya cafe kamar masu kalangu biyu a gidan biki kowa yana so a ce shine. Rainbow tana da Blackmore amma ba Lord, Whitesnake tana da Lord ba Blackmore, shi yasa duk kyansu akwai abin da ya ɓace, kuma a daƙiƙar farko ta Perfect Strangers zaka ji abin nan ya dawo. Wannan kwantiragi ba ya sayo shi.

Sannan abin da yake burge ni da ita waƙar da aka sa wa kundin sunanta, ka saurara da kyau, babu inda Blackmore ya tsaya shi kaɗai yana gwaninta da jita kamar yadda ya saba, mutumin da aka sani da son a gan shi ya haƙura ya bi sahu. Tafiyarta a hankali take, da nauyi, kamar raƙumi da kaya, kuma akwai wani kari a tsakiya mai ƙamshin kiɗan Larabawa, ina ganin shi yasa take saurin kama kunnen Bahaushe, mu da muka taso da kiɗan Sudan da na Indiya wannan hawa da saukar ba baƙo bane a wajenmu. Na taɓa sa wa wani yaro mai yi mana fiyano a situdiyo ita ban gaya masa ta waye ba, yace oga wannan ai za ta hau waƙar sarauta.

Inda zan ba Sarkin Musu gaskiya, ba duk kundin ne ya kai haka ba. Knocking at Your Back Door ta kai, minti bakwai ce kuma ba ta gundura, sai dai kar ka ce zaka fassara wa Hajiya baitocin don habaicin batsa ne daga sama har ƙasa, Gillan ɗan iska ne wajen wasa da kalma. Wasted Sunsets mai sanyi ce, a nan jitar take kuka sosai. Under the Gun da A Gypsy's Kiss akwai gudu. Amma irin su Mean Streak ni dai cike gurbi nake ganinsu, in ta zo wucewa nake. Kuma sautin gangunan na shekarun 1980 ne, an ɗan shafa masa mai, bai kai na Machine Head ɗanye ba. Glover ne ya jagoranci haɗa sautin kuma ya zo da hannun da ya saba da shi a Rainbow.

Kasuwa ma ta karɓa, ya kai na 5 a Ingila na 17 a Amurka, kuma a Amurkan ya haura kwafi miliyan ɗaya. Da suka koma gida a Yunin 1985 suka yi wasa a Knebworth, mutum wajen dubu 80 suka tsaya cikin ruwan sama da taɓo tun rana har dare. Abin dariya lokacin da kundin ya fito jaridu tsofaffi suke ce musu, alhali Lord ne babba da 43, Paice 36, sauran ukun 39 ko kusa da haka, wato sa'o'ina na yanzu, ni da har yau a gidanmu ba a bani nama biyu.

Yar_Gwammaja ta rubuta:

Allah ya jiƙan Baba ya ba ku haƙuri ɗan uwa. Ni ba ma'abociyar wannan kiɗan bace, maigidana ne yake damunmu da shi duk ranar Lahadi in yana wankin mota, amma hirar ta ja ni. Abin da ya ɗaure min kai shine yadda suna yake zama ba mai shi. Mu a nan ai ƙungiya sunan maigida take ɗauka, ana cewa Shata da yaransa, in mai kalangu ya yi fushi ya tafi a samo wani, Shata yana nan Shata. Ranar da ya rasu a 1999 kuma magana ta ƙare, ba wanda zai tara 'yan amshinsa ya ce ga Shata ya dawo. Ko gidan Ɗanƙwairo da 'ya'ya suka ci gaba da kotso ai jini ne, gado ne, kowa ya san ɗa ne yake waƙa ba uban ba. Su kuwa waɗannan mawaƙi ya tafi a sa wani, mai jita ya tafi a sa wani, suna yana nan kamar kamfanin sabulu. To wai waye Deep Purple ɗin a cikinsu? Kuma maigidan yace min har yanzu suna nan suna wasa, su waye suka rage, ko jikoki ne?

Baba_Sabongari ya rubuta:

'Yata kin yi tambayar da mu kanmu mun shekara arba'in muna musu a kanta a bakin shago. Ba jikoki bane, tsofaffin ne da kansu. Mutum ɗaya ne tak bai taɓa fita ba tun 1968, Ian Paice mai ganguna, wanda ya fi kowa shiru. Gillan da Glover suna nan tare da shi, an haife su 1945 sai ki yi lissafi.

Sarkin Musu kuma ɗana ban ƙi taka ba, wutar ba ta mutu ba toka ce ta rufe ta. Bayan Perfect Strangers sun yi The House of Blue Light a 1987, a nan tsohon ciwo ya tashi, aka kori Gillan a 1989 kamar yadda ka faɗa, Blackmore ya jawo mawaƙinsa na Rainbow Joe Lynn Turner suka yi kundi ɗaya a 1990, masoya suka ce wannan ai Rainbow ce ta sa rigar aro. Sauran suka matsa aka dawo da Gillan don cikar shekara 25, kundin 1993 ma sunansa The Battle Rages On, wato faɗa na nan daram, ko ɓoyewa ba su yi ba. A wasan Birmingham na shekarar Blackmore ya ƙi fitowa da aka fara, da ya fito kuma ya watsa wa mai kyamara ruwa, yana nan a bidiyo kowa ya gani. Dama halinsa ne, tun 1974 a California ya taɓa farfasa kyamarar talabijin da jita. A Nuwamban 1993 ya yi wasansa na ƙarshe a Helsinki ya tafi, ga alƙawarin Jafan a gaba, sai Joe Satriani aka roƙa ya riƙe musu, daga baya Steve Morse ya zauna daga 1994 har 2022 da ya ajiye don jinyar matarsa. Yanzu Simon McBride ne, ɗan Ireland ta Arewa, sun fitar da kundi da shi a 2024.

Shi kuma Blackmore, mutumin da ƙungiyarsa ta shiga littafin Guinness don ƙara, tun 1997 ya koma kiɗan Turawan da na zamanin sarakuna da garaya irin tasu shi da matarsa, suna sa kayan ɗaruruwan shekaru suna wasa a tsofaffin gidajen sarauta. Da aka karrama Deep Purple a 2016 bai halarta ba. Lord kuwa ya yi ritaya cikin mutunci a 2002 ya miƙa wa Don Airey, ya rasu a Yulin 2012 da ciwon daji yana da 71, to daga ranar ko an so biyar ɗin nan ba za su sake haɗuwa ba.

Amsata gare ki 'yata, na yanzu ina jinsu kuma ina girmama su, suna ma fi jin daɗin junansu yanzu in kin ga fuskokinsu a dandali. Amma wanda nake ce wa Deep Purple a zuciyata sai in da Lord a hagu Blackmore a dama suna hararar juna. Kuma Sarkin Musu, da kuɗi kaɗai ke yin kundi mai kyau ai da na 1987 da na 1993 ma sun yi kyau, duk an biya su. Na 1984 ne kaɗai suka shiga da yunwar nuna wa duniya ba su mutu ba. Ɗan Fagge ka fara da Machine Head, ka bi da Made in Japan da dare in gida ya yi shiru, sannan ka koma kan kaset ɗin mahaifinka, a lokacin zaka ji abin da ya ji.

Sarkin_Musu ya rubuta:

Baba na sara, wannan ta 1987 da 1993 ɗin ta kama ni ban shirya mata ba. Amma Mean Streak dai ko Mai Situdiyo ya yarda ba ta da kai. Kuma har gobe Made in Japan ya fi.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Baba Sabongari Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na karanta naka ya fi sau uku. Jiya na ciro tsohuwar rakodar Baba na kai wa wani mai gyara, ya canza mata bel ya goge kan da auduga, da muka sa kaset ɗin sai ta fara tauna zaren, gabana ya faɗi, da ƙyar muka zaro shi na naɗe da biro kamar yadda nake ganin Baba yana yi. A karo na biyu ya tafi lafiya, sautin ya ɗan dusashe yana rawa kaɗan amma yana nan.

Na kawo gida na kunna a tsakar gida bayan isha'i, ogan ɗin nan tana fara gurnani Hajiya ta leƙo daga ɗaki tace kai wa ya tono kiɗan maƙeran nan. Ashe ta san shi sarai. Tace suna amarya da ango a wani ɗaki ɗaya a Fagge kullum in ya dawo daga aikin dare sai ya sa shi ƙasa ƙasa yana kaɗa ƙafa, ita kuma tana mita, har ta taɓa ɓoye kaset ɗin a cikin buhun gero kwana uku yana nema bai ce mata komai ba, da ta ga ya daina cin abinci sosai ta fito masa da shi. Tace da aka haifi yayanmu ne ya daina sawa a gida don kar ya tashi jariri. Ta zauna a kan tabarma har gefen farko ya ƙare ba ta ce a kashe ba, da na tashi zan juya kaset ɗin ne tace ya isa haka sai da safe.

Mai Situdiyo dan Allah in akwai yadda za'a juye min shi a waya kafin zaren ya tsinke ina so, na san yana YouTube amma wannan ɗin nake so da dusashewarsa, don a ƙarshen gefe na biyu bayan waƙa ta ƙare akwai wajen daƙiƙa goma da aka danna maɓallin ɗauka bisa kuskure, ana jin tari da muryar namiji yana cewa a rufe ƙofa, Hajiya bata ji wajen ba tukuna. Ranar Asabar da yamma kana shago?